Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

'Yan'uwana ɗalibai, mutane da yawa suna tsammani in an kwantar da mai ciwon daji na huhu za a yi masa aiki, to, sauran magana tana hannun likita kaɗai. Ni ban yarda ba. A ganina, mara lafiya ya riga ya yi rabin aikin da kansa tun shekaru kafin ya ga wuƙar likita.

Ga dalili. Huhun dama kashi uku ne, na hagu biyu. Likita yakan yanke kashin da ciwon ya kama, wani lokaci ma ya cire huhu guda ɗungum. Abin da ya rage shi zai ɗauki nauyin numfashi duka. In ba shi da ƙarfi sai wahala ta biyo baya, watau ciwon nimoniya, ko iska ta yi ta yoyo daga ɗinkin, ko zuciya ta riƙa bugu barkatai.

Su wa abin ya fi samu? Tsofaffi, da masu ciwon zuciya, da ramammu, da masu tsohon ciwon ƙirji, da waɗanda aka cire wa huhu guda, balle na dama. Shi ya sa likitoci sukan auna numfashin mutum tukuna, har su sa shi hawan matakala. Wanda ya wuce mita 22 akan ce hatsarinsa kaɗan ne.

Tsufa dai ba shi da magani. Amma akwai abu guda da ke hannunmu, watau taba. A cikin hanyoyin numfashi akwai 'yan gasu ƙanana masu share majina, hayaƙi kuwa yana kashe musu ƙarfi. Bayan aiki tari yana da zafi, sai majina ta kwanta, ƙwayoyin cuta su sami masauki. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa barin taba ko da mako 4 kafin aiki yana rage irin wannan wahala. To, ina ga wanda bai taɓa sa ta a baki ba?

Ku dubi Likita Evarts Graham na Amurka. A 1933 ya cire wa wani mai ciwon daji huhu guda, mutumin ya rayu shekara 30 bayan haka. A 1950 kuma ya nuna dangantakar taba da wannan ciwo. Amma shi kansa ya daɗe yana sha, ciwon nan ya kashe shi a 1957, ya riga wanda ya yi wa aiki tafiya.

Mu ne malaman gobe, yara kuwa abin da suka gani suke koyi, ba abin da suka ji ba. Malamin da ke aiken yaro sayen sigari ya riga ya koya masa darasi, ko bai taɓa allo ba. Mu kiyaye, jama'a.