Guzurin Ɗalibi Bai Tsaya Ga Garin Kwaki Ba

Kowace shekara motocin Riruwai da Doguwa sukan ratsa dajin Falgore ɗauke da sababbin ɗalibai zuwa Jami'ar Bayero ko ta Wudil, kowa da garin kwakinsa da ƙuli-ƙuli da addu'ar iyaye. Madalla da wannan guzuri. Amma a ganina akwai abin da akan bari a gida, wato zancen lafiya.

Yaron da ya tashi cikin sanyin duwatsun Riruwai zai faɗa ɗakin kwana mai cunkoso a zafin Kano na Maris da Afrilu, lokacin da sanƙarau yake yaɗuwa. Wanda ya ga annobar 1996 ba sai an tuna masa ba. Ya kamata allurar rigakafi da gidan sauro su shiga lissafi tun kafin kuɗin mota.

Babban cikas kuwa shi ne kunya. Uban da ba ya ambaton sunan ɗan farinsa, yaya zai tambaye shi ko yana samun barci, ko sau nawa yake cin abinci? Ɗan kuma da an kira shi a waya sai ya ce lafiya lau, alhali gyambon ciki yana cinsa, ko fargabar jarrabawa ta hana shi runtsawa. Idan kunya ta ɗaure bakin uba, a wakilta kawu ko gwaggo su riƙa tambaya.

Mu da muka riga su shiga, wajibinmu ne idan mun je hutu mu shaida wa iyaye cewa jami'a tana da asibitinta, kuma mai asma ko sikila ya faɗa wa likita tun ranar rajista.