Ƙaddara Ba Ta Ɗauke Alhakin Sakaci

 

Makon jiya na je duba wani tsohon ɗalibina na Islamiyya a nan Ruwan Bago. Ya tafi cin rani Kano yana leburanci, ya dawo da karaya biyu. An ɗaga shi a kwandon injin nan mai kai ma'aikata sama domin ɗaura kwano. Da hannunsa ya kasa kaiwa, sai ya taka ƙarfen da ya kewaye kwandon, babu ɗamarar da ake ɗaure mutum da ita, ya faɗo. Duk wanda ya shigo dubiya cewa yake ƙaddara ce. Ɗan kwangilar ma haka ya ce, ya aiko da kuɗin mota.

Ni ma na yi imani da ƙaddara. Amma ya 'yan'uwa, imanin bai taɓa zama mafakar mai sakaci ba. A Tirmizi, Annabi (SAW) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Wanda ya fi kusa da zancenmu shi ne ruwayar Abu Dawud, inda aka tsoratar da mai kwana a saman soron da ba shi da katangar da za ta tare shi. Mai barci ke nan. To ina ga mai aiki a kwando, tsayin bene uku, iska tana kaɗa shi?

Ƙa'idojin injin ba su da wuya. Sai wanda ya koya zai sarrafa shi. A kafa ƙafafun tokarensa a kan ƙasa mai tauri, ba kan cikon ɓurji ko bakin kwata ba. Akwai farantin da ke faɗin nauyin da kwando zai ɗauka, kuma buhun siminti kilo 50 ne, a yi lissafi. Ba a kafa tsani a ciki, ƙafa biyu su zauna a daɓensa, ɗamara a maƙale a inda aka tanada. A nisanci wayar lantarki da aƙalla mita 3. Idan iskar hadari ta taso, a sauko.

Iskar nan ce mutanenmu suka fi rainawa. A watan Satumba na 2015 ta kayar da ƙugiyar gini a Masallacin Harami, mutum fiye da ɗari suka rasu, har da alhazan Nijeriya. Hukumomin Saudiyya ba su tsaya ga cewa ƙaddara ce ba. Sun yi bincike, a 2023 kotu ta samu kamfanin Binladin da sakaci, ta ci shi tarar Riyal miliyan 20.

Shari'armu ta riga su. Ko kisan kuskure akwai diyya da kaffara, kuma malaman fiƙihu sun ɗora lamuni a kan wanda sakacinsa ya jawo ɓarna. Dokar ƙasa ma, ta biyan diyyar ma'aikata ta 2010, ta wajabta wa masu ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin ɗari na albashi a asusun NSITF saboda irin wannan rana.

Na tambayi yaron me ya hana shi neman ɗamara. Ya ce, "Malam, wanda ya cika tambaya, gobe ba a kiransa." Ban samu amsar da zan ba shi ba. Gobe in Allah ya kai mu ni da mahaifinsa za mu shiga Kano mu ga ɗan kwangilar.