Tanadin Ranar Ɗauke Wuta Wajibi Ne a Kan Unguwa

A ƙarshen watan Oktoba na shekarar 2024, yayin da babban layin lantarki na Ugwuaji zuwa Apir ya sami tangarɗa, alhali kuwa tun gabanin haka maɓarnata sun lalata turakun layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, rashin tsaro kuma ya hana ma'aikata shiga dajin su gyara, galibin jihohin Arewa suka wayi gari babu wuta, suka zauna a wannan hali fiye da mako guda. Wanda duk ya ga waɗannan kwanaki da idon basira ya fahimci wani al'amari da ɗaukewar sa'a biyu ko uku ba ta bayyana shi, watau cewa haske shi ne mafi ƙanƙantar abin da mutum ke rasawa idan an ɗauke wuta. Tocila tana maganin duhu. Abin da ya fara gigita gidaje shi ne ruwa.

Dalili kuwa a fili yake. Biranenmu sun daɗe da barin dogaro ga famfon gwamnati, sun koma ga rijiyar burtsatse, ita kuwa burtsatse ba ta ba da ko ɗigo sai injinta ya sami wuta. Saboda haka da tankuna suka ƙafe a kwana na biyu, sai ga 'yan garuwa sun jera kurayensu tun kafin kiran assalatu a ƙofar gidan da ke da janareto, kowace kura da jarkokinta wofi, mai gidan kuma, tun da man fetur yake ƙonawa, ya ɗaga kuɗi, su ma suka ɗaga wa matan aure da ke jira a zaure da bokitai. A bayan ruwa sai sana'a. Mai markaɗe ya rufe rumfa, gero da waken ƙosai suka yi tsami a roba. Tela ya dubi ɗinkin biki ya rasa ta cewa. Mai walda ya sallami yaransa. Mai sayar da ƙanƙara da zoɓo ta zubar da jarinta a kwata. Duk waɗannan mutane ne masu cin abin da hannunsu ya samo a yinin, ranar da ba su yi aiki ba kuwa tukunya ba ta hawa murhu.

Ba na nufin in maimaita kukan da kowa ya sani. Abin da nake son mai karatu ya auna shi ne, shin wannan musiba baƙuwa ce da ta afko mana bagatatan, ko kuwa abokiyar zama ce wadda muka san lokutan zuwanta? An gama madatsar Kainji a 1968, aka kafa hukumar NEPA a 1972, aka sauya mata suna zuwa PHCN a 2005, aka raba sashen rarraba wutar zuwa kamfanoni goma sha ɗaya, aka fara miƙa su ga 'yan kasuwa a watan Nuwamba na 2013. Amma duk da wannan jerin sauye-sauye, wutar da ke yawo a layin ƙasa ba ta cika wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200. Ƙari a kan haka, mafi yawan tashoshin da ke aiki da iskar gas suna Kudu, wutar kuma tana hawowa Arewa ne ta 'yan layuka ƙalilan masu ratsa dazuzzuka, ta yadda idan ɗaya ko biyu suka faɗi sai yanki guda ya dulmuya. Abin da ya shekara hamsin yana maimaituwa ya fita daga babin haɗari ya shiga babin al'ada, mai hankali kuwa yana yi wa al'ada tanadi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Malamanmu sun rarrabe tsakanin tawakkali da gafala tun da daɗewa: mai tawakkali yana riƙon sababi sannan ya miƙa al'amarinsa ga Allah, gafalalle kuwa yana barin sababin ya kira sakacinsa haƙuri.

To, wane sababi muka riƙa? Kowane mai hali ya sayi janareto ya kafa a gidansa, marar hali ya kwana yana shaƙar hayaƙin maƙwabcinsa. A nan nake son in dakata, domin a ganina wannan hanya ta kowa tasa ta fid da shi ita ce asalin rauninmu. Ta fuskar kuɗi, tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, ƙaramin inji ya zama kaya mai nauyi ga ma'aikaci da ɗan tireda, har da yawa suka tura nasu ƙarƙashin gado. Ta fuskar rai kuwa abin ya fi muni, gama hayaƙin janareto yana ɗauke da wata iskar guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari, wadda ke shiga jini ta tare wa iskar numfashi gurbinta, mutum ya ji ciwon kai da kasala, ya ɗauka gajiya ce, ya kwanta, barcin ya zarce da shi. Sau da yawa an ji labarin iyali sukutum da aka tarar da gawarwakinsu da safe, sabili da maigida, don tsoron ɓarawo ko ruwan sama, ya shigar da injin cikin zaure ko lungun ɗaki ya rufe ƙofa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mutuwa ce wadda sani kaɗan ke iya karewa da izinin Allah: mazaunin inji sarari ne, nesa da ƙofa da taga, ko da kuwa zai kai ga gina masa keji na ƙarfe a waje.

Sannan ga haƙƙin maƙwabtaka, wanda shari'a ba ta yi wasa da shi ba. Malaman fiƙihu na mazhabar Malikiyya, ciki har da Shaihu Halilu a Muhtasar ɗinsa da ake karantawa a zaurukanmu, sun hukunta cewa alƙali yana hana mutum ƙago abin da hayaƙinsa ko warinsa zai cuci maƙwabci, suka ba da misali da gidan wanka da majema. Idan haka hukuncin yake a kan hayaƙin itace, ina ga bututun injin da aka juya bakinsa ya fuskanci tagar ɗakin da jariri ke kwance, yana ruri daga magariba har asuba? Na sha ganin irin wannan a lungunan birni, inda katanga ɗaya ce tsakanin gida da gida, maƙwabcin kuma kunya ta hana shi magana. Kunyarsa ba ta halatta cutar ba.

Akwai ladubban cikin gida da ba su buƙatar dogon bayani. Da zarar an ɗauke wuta a kashe dutsen guga da abin dafa ruwa, a zare firji da talabijin, domin sau da yawa gobara da ƙonewar kaya suna zuwa ne a sa'ar da aka maido ta da ƙarfi, mutane suna barci ko sun rufe shago sun tafi. A bar buɗe firji, gama rufaffe yana riƙe sanyinsa kamar sa'a huɗu. A nisanta kyandir da gidan sauro da katifa. Kada kuma a jona janareto da wayar gida ba tare da makunnin da ke raba shi da layin waje ba, don kada wutarsa ta koma falwaya ta halaka ma'aikacin da ya hau gyara.

Yana da kyau kuma mu tuna cewa kakanninmu sun rayu cikin wannan zafi ba tare da fanka ba, da hikimar ginin ƙasa mai kaurin bango, da randa a inuwa, da shimfiɗa a tsakar gida. Marigayi Malam Muhammad Bah Abba, malami a jihar Jigawa, ya ɗauki wannan tsohon ilimi ya raya shi: tukunya cikin tukunya, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da ɗanyen tsumma, ruwan yana tsanewa yana janye zafi, tumatir da alayyafo su yi kwanaki ba su lalace ba. Wannan aiki ya samo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, amma gidaje nawa ne a biranenmu ke da irin tukunyar a yau?

Sai dai duk waɗannan dabarun gida guda ne, abin da nake kira gare shi kuwa ya fi gida faɗi. Ruwan sha a ranar da wuta ta yanke, da wurin da za a adana maganin mai ciwon suga da allurar rigakafin yara, da fitila a ɗakin haihuwa na asibitin sha-ka-tafi, bukatu ne waɗanda babu magidanci ɗaya da zai ɗauke su, idan kuma babu wanda ya tsaya musu kowa zai cutu. Wannan kuwa ita ce siffar abin da malamai ke kira farillar kifaya, wadda idan wasu suka yi ta sauka daga wuyan saura, idan aka bar ta laifin ya game kowa. Allah ya hore wa ƙasarmu rana mai ƙarfi kusan duk shekara, farashin faifan sola kuma ya sauko ƙwarai a duniya in an gwada da shekarun baya. Burtsatse guda mai aiki da hasken rana, da tanki babba, ba ta ma buƙatar batir, tun da rana take ɗiba ta tara. Unguwar da ke iya yin karo-karo ta gyara taransifoma duk sa'ad da ta ƙone, ko ta shimfiɗa tayil a masallaci, lalle tana iya wannan. Attajirin da ke neman sadaka mai gudana ga mahaifansa ba zai sami waƙafin da ya fi shayar da ruwa ba, da sharaɗin a rubuta waƙafin a gaban shaidu, a naɗa amintattu masu kula, a riƙa karɓar ɗan abin gyara ana bayyana lissafinsa a bainar jama'a, domin burtsatsen da ba ta da mai ita ita ce ke mutuwa a kan ɗan ƙarfen da bai taka kara ya karya ba.

Wani zai ce, ashe wannan ba sauke wa hukuma nauyinta ba ne? Hujja ce mai ƙarfi, ban kuwa raina ta ba. Wanda aka ɗora wa naira 225 a kan kowane yunit a watan Afrilu na 2024, bisa alkawarin wutar sa'a ashirin a yini, yana da cikakken haƙƙin ya nemi a cika masa. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon samarwa da rarraba wutarsu, saboda haka gwamnoninmu ba su da sauran uzurin cewa al'amarin na Abuja ne. Sun ga yadda Maiduguri ta shiga dogon duhu bayan da 'yan ta'adda suka tarwatsa turakun layin Damaturu a farkon 2021, har sai da aka gina mata tashar gas mai megawat 50 a cikin gari. Sun ga halin da Yamai ta shiga lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agusta na 2023. Darasin ɗaya ne, wanda wutarsa ke zuwa daga nesa ta igiya guda, rayuwarsa tana hannun wanda ya isa ga igiyar. Amma neman haƙƙi ba ya hana tanadi, mutanen da suka iya haɗa kai a kan rijiya kuwa su ne za su iya haɗa murya a gaban hukuma.

Saboda haka ina roƙon masu unguwanni da limamai da shugabannin 'yan kasuwa, kada su jira turaku su sake faɗuwa. Su zauna tun yanzu, su ƙidaya burtsatsen da ke unguwarsu, su san wacce za ta ba da ruwa in babu wuta babu fetur, su san gidajen da ke da tsofaffi da majinyata, su kuma yi wa masu janareto nasiha a kan inda suke ajiye shi, kafin zafin bazara ya shigo.