Wa Ya Kamata A Bincika: Mai Saye Ko Mai Riƙe Da Mabuɗi?

'Yan uwana ɗalibai, akwai wata muhawara da aka daɗe ana tafkawa a Amurka, wadda nake ganin ya dace mu ɗauko ta mu auna da mudun gida. Tun daga shekarar 1998, duk wanda ya je kantin da ke da lasisin sayar da bindiga a can, sai an tura sunansa ga hukumar FBI an duba ko yana da wani tabo da zai hana a sayar masa. To amma kasancewar sunan mutum cikin jerin waɗanda ake zargi da ta'addanci ba ya cikin abubuwan da dokar tarayyarsu ta ce su hana ciniki. Ofishin bincike na majalisar dokokinsu ya ƙirga cewa daga 2004 zuwa 2015 an duba masu irin wannan suna har sau 2,477, kuma sau 2,265 aka bar cinikin ya wuce.

Mutumin Mubi in ya ji wannan, ba zai tsaya dogon tunani ba, cewa zai yi a hana su kawai. Kuma wa zai ga laifinsa? A farkon Oktoban 2012 aka bi ɗalibai har ɗakunansu a Wuro Fatuji ana kiran suna ana kashewa. A ƙarshen Oktoban 2014 Boko Haram ta kama garin ɗungurungum, ta sauya masa suna zuwa Madinatul Islam, sai a watan Nuwamba sojoji da mafarauta da 'yan banga suka ƙwato shi. Ranar 21 ga Nuwamba, 2017, ɗan ƙunar baƙin wake ya tashi bam ana sallar asuba a masallacin Madina da ke Unguwar Shuwa, aka rasa mutum kusan 50. Ba a gama share hawaye ba, ranar 1 ga Mayu, 2018, aka sake tayar da bam biyu a masallaci da kasuwa.

Sai dai a nawa ɗan guntun tunanin, in muka kwafo muhawarar Amurka yadda take, mun saki reshe mun kama ganye. Mu a nan ba a kanti ake sayen bindigar kisa ba. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Na yaƙi, irin su AK-47, sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Na amfanin kai, irin bindigar harbin tsuntsaye, sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Bindigar toka kuwa, wadda maharbanmu ke rataye da ita, Kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba da izininta. Dokar ta hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da wanda aka taɓa samu da laifin tashin hankali cikin shekaru biyar da suka gabata. Ashe bincike a takarda muna da shi tun kafin mu sami mulkin kai. Abin tambaya shi ne, wane ɗan ta'adda ne ya taɓa cike fom ya bi layi a hedkwatar 'yan sanda ta Yola?

Makaman da suka yi mana ɓarna ta wasu ƙofofi suka shigo. Wasu an ƙwace su ne daga barikoki da ofisoshin 'yan sanda, wasu sun biyo iyaka, kuma kowa ya san Kamaru tana nan bayan duwatsunmu. Wasu kuwa daga cikin gida suka sulale. Rahoton Odita Janar na Tarayya na shekarar 2019 ya ce ya zuwa Disambar 2018 akwai makamai 178,459 na 'yan sanda da ba a san inda suke ba, 88,078 daga ciki AK-47 ne. Ban ce duk sun faɗa hannun 'yan ta'adda ba, wataƙila wasu sakacin rubutu ne. Amma mai kantin da ba ya iya ƙirga kayansa, ta yaya zai tsare ƙofar wani?

Haka zancen nakiya yake. Dokar 1964 ta ɗora wa ma'aikatar ma'adinai alhakin ba masu fasa dutse da masu haƙar ma'adinai lasisin saye da ajiya. Amma a Nuwambar 2014 mayaƙan Boko Haram ba lasisi suka nema ba, kamfanin siminti na Ashaka da ke Jihar Gombe suka afka wa suka kwashi nakiya a motoci. Da hukumomin tsaro suka lura ana haɗa bam da takin yuriya, sai suka taƙaita shigar da shi Barno da Yobe da Adamawa. Manomin masara da bai ji ba bai gani ba, shi ya ɗanɗana kuɗarsa.

Nan ne kuma nake son mu ɗaliban harshe mu buɗe kunne. Bahaushe ya bambanta zato da zargi da tuhuma. Zato a zuci yake, har ma ana cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Zargi ya fito baki, amma bai isa gaban alƙali ba. Tuhuma kuwa a kotu ake karanta ta, a ba mutum dama ya kare kansa. Masu fassarar labarai a rediyo sukan cuɗa ukun wuri guda, mai saurare ya ɗauka an riga an yanke hukunci. A Satumbar 2012 jami'an tsaro sun kama mutum sama da 150 a samamen da suka kai Mubi. In da a ce duk wanda aka taɓa ɗauka a irin wannan samame za a rubuta sunansa a jerin da ba ya gogewa, da saurayi nawa za a hana sayen buhun taki ko neman aikin gadi, don kawai unguwar da aka haife shi?

Ba na cewa kada a binciki mai saye. A bincike shi, amma da sharaɗi. Jerin sunayen ya zama alƙali ne ya sa hannu, kuma wanda aka saka yana da hanyar zuwa kotu ya nemi a cire shi. Dillalin taki ya rubuta lambar shaidar ɗan ƙasa ta mai saye da yawan buhunan da ya ɗauka, maimakon a hana yanki guda taki gaba ɗaya. Ko ba komai, mai unguwa ya san mai gonar buhu biyu, ya kuma san baƙon da ya zo neman buhu hamsin alhali ba shi da ko kadada.

Amma babban binciken a kan mai riƙe da mabuɗi ya kamata ya faɗa: jami'in da ke kula da rumbun makamai, da magajin ɗakin ajiyar nakiya a wurin fasa dutse, da direban da ke ɗauko ta. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta kafa cibiyar kula da ƙananan makamai a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro. Abin da nake so in gani daga gare ta shi ne ƙidayar rumbunan makamai duk shekara, jiha-jiha, a buga kowa ya karanta, tare da sunan wanda ya sa hannu a littafin ajiya ranar da kowace bindiga ta fita ba ta dawo ba.