Jarumi mai gudun walƙiya ma kotu yake kai ɓarawo

Duk wanda ke kwance dilar gwanjo a kasuwannin kan iyaka, daga Ƙonni da Illela har Ɗan Isa da Jibiya, ya taɓa cin karo da jar riga mai hoton walƙiya a ƙirji. Muna sayar da ita, 'ya'yanmu suna sawa, amma kaɗan ne cikinmu suka san labarin mai rigar. Sunansa Flash, wato walƙiya, jarumi ne na ƙirƙira a littattafan labari masu zane na ƙasar Amurka, wanda ke yaƙi da ɓarayi da ƙarfin gudu. Mun ga ya dace mu yi magana a kansa domin akwai darasi a labarinsa da ya shafe mu kai tsaye.

An fara buga labarin ne a shekarar 1940 cikin mujallar Flash Comics, wadda ake sayarwa santi 10. Gardner Fox ya rubuta, Harry Lampert ya zana. Jarumin farko ɗalibi ne mai suna Jay Garrick, wanda ya shaƙi tururin wani ruwa a ɗakin gwaji, ya farka yana gudun da harsashi bai cim masa. Kasuwar irin waɗannan jarumai ta faɗi bayan yaƙin duniya na biyu, aka tsayar da mujallar a 1949. Sai a 1956 kamfanin da yau ake kira DC Comics ya farfaɗo da sunan a fitowa ta 4 ta mujallar Showcase, da sabon jarumi, Barry Allen, wanda Robert Kanigher ya rubuta, Carmine Infantino ya zana.

Abin sha'awa, wannan Barry ɗin mutum ne mai sanyin jiki. Masanin kimiyya ne a ɗakin binciken 'yan sanda na garin Central City, aikinsa auna shaida da tantance ta. Kullum a makare yake zuwa wurin budurwarsa Iris West, har tana yi masa ƙorafi. Wani dare tsawa ta faɗa kan kwalaben magunguna, suka zube masa a jiki, ya samu gudu. To amma gudun bai sauya halinsa ba. A labaran wancan zamani, in ya kama masu fashi irin su Captain Cold ko Mirror Master, ƙwace makamansu yake yi ya miƙa su ga hukuma. Mutumin da zai iya gama da ɓarawo kafin ƙiftawar ido, shi ne ke tsayawa ya jira alƙali.

Gwajin gaskiya ya zo masa daga baya. A labarin 1979, babban abokin gabarsa Farfesa Zoom ya kashe Iris, wadda a lokacin matarsa ce. A 1983 Zoom ya dawo zai kashe sabuwar amaryarsa ranar ɗaurin aure. Barry ya cafke shi ta wuya don ya tsayar da shi, wuyan ya karye, ya mutu. Wa zai ce bai da hujja? Amma marubucin, Cary Bates, bai bar shi haka ba. Aka gurfanar da jarumin gaban kotu bisa tuhumar kisa, shari'ar ta ci kusan shekara biyu ana bin ta wata bayan wata, har fitowa ta 350 a 1985. Da farko aka same shi da laifi, daga baya aka gano an yi wa masu yanke hukunci maguɗi, aka wanke shi. Da ya ga dama ya tsere, babu mai kama shi a duniya. Amma ya tsaya aka yi shari'ar har aka yanke hukunci.

Yanzu mu dubi kanmu. Mun san abin da ke faruwa a kasuwa in aka yi ihun "ɓarawo!" Kafin a tambayi abin da aka sata, an tashi da itace da duwatsu. Wanda ya zo daga baya bai san mafarin magana ba, amma shi ma sai ya kai nasa dukan. Wani lokaci ɓarawon ne da gaske, wani lokaci baƙo ne da ya tsallako iyaka bai jin harshen gari, ko yaron shago da aka aika yana sauri, ko wanda ke bin wani bashi aka yi masa sharri. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle in bai zama ba. Kuma mu fatake mu ne baƙi a kasuwar wasu kowane mako. Wanda ya jefi baƙo yau a garinsu, gobe shi ne baƙo a wancan ƙetaren.

Mun san amsar da za a ba mu. Za a ce labarin zane ne, a takarda komai mai sauƙi ne. Gaskiya ne, har ma da ƙari: tun 1954 masu buga waɗannan littattafai a Amurka suka kafa wa kansu ƙa'idar da ta hana nuna 'yan sanda da alƙalai ta hanyar da za ta zubar da mutuncinsu, ta kuma wajabta mugu ya sha kaye a ƙarshe. Saboda haka hukumar da ke cikin littafin ta fi ta zahiri tsabta. Za a kuma ce an sha kai ɓarawo hannun jandarma ko 'yan sanda, kwana biyu a gan shi yana yawo a kasuwa. Wannan ƙorafi ne na gaskiya, mu ma ya taɓa cin dukiyarmu. Sai dai maganinsa shi ne mu bi shari'ar, mai kaya ya je ya ba da shaida, sarkin kasuwa da shugabannin ƙungiyoyinmu su bi sawu har a yanke hukunci. Kaya in sun ɓata ana mayar da su, rai kuwa babu dilar da ake kwance shi.

Don haka muna kira ga shugabannin kasuwanni da su ware dattawa da matasa sanannu waɗanda in aka yi ihu za su riga jama'a isa wurin, su kange wanda ake zargi, su tsare shi har hukuma ta zo. A nan ne ake buƙatar sauri. In kuma yaro ya tambaye mu labarin mai jar riga, mu gaya masa cewa gudu ya ba shi ikon kamawa, amma bai taɓa ba shi kujerar alƙali ba. Allah ya tsare mana dukiyoyinmu, ya tsare hannayenmu daga jinin wanda bai ji ba bai gani ba.