Yaron da Bai Iya Washi Ba, Bai Fara Kafinta Ba



A watan jiya wani uba ya kawo kuka zauren Sarki, ina gefe da alƙalamina kamar yadda aka saba. Ya ce wata huɗu ke nan da ya kai ɗansa koyon kafinta, amma ubangidan bai bar shi ya haɗa ko benci ba, sai washin cizal safe da yamma. Yana neman a sa baki ya janye yaron. An ba shi haƙuri ya tafi. Ni dai a ganina ubangidan nan bai cuci yaron ba, kuma hujjata zan ɗauko ta daga nesa, daga ƙasar Japan, inda kafintoci suka ɗauki washi a matsayin tushen sana'a.

Cizal ɗin Japan, wanda suke kira nomi, ƙarfe biyu ne maƙeri ya haɗe a wuta. Akwai siririn ƙarfe mai tsananin tauri, shi ne baki, sannan akwai ƙarfe mai taushi da ya goya shi, yana shanye dukan guduma don kada mai taurin ya tsage. Tun da mai taurin yana da wuyar ci a dutse, sai maƙerin ya ɗan rarake bayan cizal ɗin kamar cokali marar zurfi, ta yadda gefuna da baki ne kaɗai za su taɓa dutse. Garuruwan Miki da Sanjo sun yi suna da ƙera irin waɗannan kaya.

Mai washi yakan fara da dutsen kansa. Dutsen da ake jiƙawa da ruwa yana cinyewa a tsakiya, kuma dutse mai kwari ba ya haifar da baki miƙaƙƙe, don haka sai an daidaita fuskarsa tukuna. Daga nan a daidaita bayan cizal. Sannan a kwantar da gangaren bakin, wanda yake kusan digiri 30, a kan dutse mai lamba 1000, ana kaiwa ana komowa ba tare da hannu ya yi lilo ba, har yatsa ya ji wani ɗan zare na ƙarfe ya tashi a baya. Sai a koma dutse mai laushi, lamba 6000 ko 8000, a goge har zaren ya faɗi. Masu hali kuwa sukan ƙarasa da dutsen da aka haƙo daga duwatsun yankin Kyoto.

Dubi abin da hannu ya koya a wannan zama: riƙe kusurwa guda, auna nauyin dannawa, da gane miƙaƙƙe daga karkatacce. Waɗannan su ne dai abubuwan da ake bukata ranar da za a huda katako a shigar da wani cikinsa ya zauna daram ba tare da ƙusa ba. Gine-ginen katako na Horyu-ji, kusa da birnin Nara, sun haura shekara 1,300 a tsaye. Babban kafintan da ya yi aikin gyaransu, Nishioka Tsunekazu, wanda ya rasu a 1995, da ya karɓi almajirinsa Ogawa Mitsuo, washin kayan aiki ya ɗora shi a kai kafin komai. Abin da ya ba shi na misali shi ne ɓawon katako guda da ya fere da hannunsa, siriri har haske na ratsa shi, domin yaron ya san inda ake so ya kai.

A nan ne kukan uban nan yake da ɗan gaskiya. Nishioka ya nuna wa almajirinsa ma'auni. Da yawa cikin iyayen gidan sana'a a wurarenmu sukan fake da kalmar haƙuri su mai da yaro ɗan aike, ya sayo koko, ya yi shara, shekara ta zagayo bai san komai ba. Wannan zalunci ne, kuma ya kamata zaure ya tsawata a kansa. Tambayar da uba zai yi ita ce: shin ana duba bakin cizal ɗin da yaron ya wasa? Ana nuna masa kuskurensa? In amsar eh ce, to karatu yake yi.

Abin da nake tsoro shi ne injin washi na lantarki ya sa mun raina dutse. Yaro ya manna cizal, tartsatsi ya tashi, baki ya yi shuɗi, taurinsa ya tafi, gobe ya dakushe. Dasasshen cizal yaga katako yake yi, sai a cike giɓi da ƙusa da gam, damina ɗaya ƙofa ta saki. Mai saye ya yi asara, sunan kafintocin zango ya zube, aiki ya koma hannun wasu.

Mu kuwa ba baƙi ba ne a wannan darasi. Wanzami ba ya kusantar kan mutum sai ya gyara askarsa, kuma a makarantar allo mun ji hadisin da ya umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa don ya hutar da dabba, cikin babin kyautata kowane aiki.

Shawarata ga uban nan ita ce ya je shagon da kansa, ya ɗauki cizal ɗin da ɗansa ya wasa, ya gwada shi a kan guntun katako. In ya fere sumul, ya bar yaron a inda yake.

Allah Ya yi wa sana'o'inmu albarka, Ya shirya mana zuriya. Amin.