Tsadar Kayan Kwamfutar Wasa Da Mai Ƙaramin Albashi

Tun daga ƙarshen shekarar 2025 babu abin da ya dami samari masu sha'awar haɗa kwamfutar wasa kamar tsadar kayanta. Cikin masu karatunmu, akawuna da malaman makaranta, ba za a rasa waɗanda su ke da ɗa ko ƙane a gida wanda ya daɗe yana tarin kuɗi domin ya sayi sassa ɗai-ɗai ya harhaɗa da hannunsa ba. Galibi kuwa wadda ransu ya ke so ita ce 'yar ƙaramar nan da a kan ɗora bisa tebur, wadda yaro zai iya ɗauka a hammata. Tun da ya ke daga ƙarshe aljihun mai albashi za a taɓa, mun ga ya kamata mu bayyana abin da ya jawo tsadar, da kuma inda ya fi dacewa kuɗin su tafi.

Tsadar nan kashi biyu ce, akwai ta gida akwai ta waje. Ta gida kowa ya san ta. Kafin watan Yuni na 1923 ba mu ke nufi ba, na 2023 ne, lokacin da gwamnati ta saki naira ta nemi darajarta a kasuwa: dala guda wajen naira 460 ce a farashin hukuma, amma kafin ƙarshen Fabrairu na 2024 ta kai wajen 1,500. Ba a ƙera ko ɗaya daga manyan sassan kwamfuta a Nijeriya, duka da dala a ke sayo su. Katin hoto na RTX 5060, wanda kamfanin Nvidia ya fitar a 2025 a kan dala 299, ya tashi ke nan wajen naira 450,000 tun kafin a sa kuɗin jirgi da na kwastan da ribar ɗan kasuwa. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yanke a 2024 kuwa naira 70,000 ne. Watau kati guda ya cinye albashin wata shida har da ɗori.

Ta wajen ita ce ba kowa ya gane ba. Cikin kowace kwamfuta akwai wata ma'ajiya ta wucin gadi wadda 'yan kasuwa su ke kira RAM, inda injin ya ke shimfiɗa aikin da ya ke yi a lokacin, kamar yadda akawu ya kan baza fayil a kan tebur kafin ya mai da shi kabad. Kamfani uku ne rak su ke ƙera kusan dukan wadda duniya ta ke amfani da ita: Samsung da SK Hynix a Koriya ta Kudu, da Micron a Amurka. To, sai ga manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira sun shiga gina gidajen injuna masu cin ma'ajiya ba iyaka, suna kuma biya da tsada. Irin wadda su ke bukata, HBM, tana cin wajen ninki uku na kayan ƙira bisa ga wadda mu ke saya. Maƙeran suka juya wajen mai kuɗi, kamar yadda kowane ɗan kasuwa zai yi, abin da ya rage wa sauran jama'a ya yi ƙaranci, farashi ya ninka biyu, wani wuri uku, cikin 'yan watanni. A watan Disamba na 2025 ma Micron ya ba da sanarwa zai rufe Crucial, sunan da ya daɗe yana sayar wa ɗaiɗaikun mutane kaya da shi. Sabuwar masana'antar irin wannan kaya shekaru a ke yi ana gina ta, saboda haka kada kowa ya ɗauka abu ne na kwana biyu.

Cikin wannan hali, ra'ayinmu shi ne ƙanƙanta ado ce, kuma ita ce abu na farko da mai ƙaramin ƙarfi ya kamata ya haƙura da shi. Mutane su kan zaci ƙaramin abu ya fi araha. A nan ba haka ba ne. Uwar allo, watau faifan da a ke dasa sauran sassa a kansa, tana da girma iri-iri. Ƙaramar da a ke kira Mini-ITX, wadda kamfanin VIA na Taiwan ya fito da ita a 2001, santimita 17 ce tsawo da faɗi. Saboda wuyar cusa kome cikin ɗan fili, ga kuma ƙarancin masu saye, ta kan fi ta tsakiya tsada, alhali ramin RAM biyu kaɗai gare ta. Ba a nan abin ya tsaya ba. Ƙaramin akwati ya kan bukaci ƙaramin abin rarraba wuta, samfurin SFX, shi ma ya fi na kullum tsada, samunsa kuma sai an tona. Sa'an nan tilas a auna tsawon katin hoto da tsayin fankar ƙwaƙwalwa da ma'auni kafin a biya, gama in kati ya ɗara akwati da ko rabin santimita, murfi ba zai rufu ba, ɗan kasuwa kuwa ba lalle ya karɓi kayan da aka kwance ba. Uwar allo ta tsakiya, Micro-ATX, ba ta wuce santimita 24.4 ba. Akwatinta ya ɗan fi girma, amma yana karɓar kayan da a ke samu ko'ina, daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Ikko har shagunan Kano da Kaduna.

Akwai kuma abin da masu tsara waɗannan 'yan akwatuna a Turai da Asiya ba su sa a lissafi ba, watau bazara da hunturunmu. A Sakkwato ko Maiduguri zafin Afrilu ya kan haura digiri 40. Kwamfuta ba ta da hanyar huce zafinta sai da iskar ɗakin da ta ke ciki, in iskar da kanta mai zafi ce, ga sassa a cunkushe, sai injin ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Ashe an biya kuɗin doki ana tafiyar jaki. Da hunturu kuma ƙura ta kan toshe ƙananan ƙofofin iska da wuri. Akwati mai sarari, da fanka biyu ko uku da raga mai tare ƙura, ya fi dacewa da ƙasarmu nesa ba kusa ba.

Abin da aka tsimi daga nan, ina za a kai shi? Wajen katin hoto, domin shi ne ke ɗauke da nauyin wasa. Ƙwaƙwalwar injin ba sai ta bana ba. Ryzen 5 5600 ta kamfanin AMD, ta 2022, tana zama a kan gurbin AM4 wanda ya ke nan tun 2016, tana kuma aiki da tsohuwar RAM samfurin DDR4. Gaskiya ne ita ma DDR4 ta yi tsada a 2025 da maƙera suka fara janye hannu daga ƙera ta, amma tana nan tuli cikin tsofaffin injuna, ana samun ta hannu. Sabon gurbin AM5 na 2022 kuwa ba ya karɓar kome sai DDR5, wadda ita ce wutar tsadar ta fi kamawa. Giga 16 ya isa mai farawa, amma a saye shi sanda biyu na takwas-takwas, don injin ya fi sauri in yana ɗiba ta hanya biyu. Rumbun ajiya a fara da SSD matsakaici, a ƙara wani in hali ya samu.

Wajen zaɓen katin, a dubi cin wutarsa kamar yadda a ke duban ƙarfinsa. RTX 3060 na 2021 yana jan wat 170, RX 6600 na AMD wat 132, RTX 4060 na 2023 kuwa 115. Wannan ba ƙaramin zance ba ne ga wanda ya ke kan layin Band A, inda aka mai da yunit guda naira 225 a watan Afrilu na 2024, ko da ya ke an ɗan rage daga baya. In kwamfuta da allonta suna jan wat 300, aka yi wasan awa uku kullum, yunit 27 ke nan a wata, wajen naira 6,000. Mai janareta ko batirin sola ya fi kowa sanin bambancin.

Abu guda da ba mu yarda a yi masa rowa ba shi ne abin rarraba wuta. Samari sun saba barinsa ƙarshe, su sayi kowane tarkace da canjin da ya rage, don ba ya ƙara wa wasa kyau. Amma shi ne mai gadin ƙofa tsakanin wutar gari da dukan dukiyar da ke cikin akwati, wutarmu kuwa kowa ya san halinta, ta zo da ƙarfi ta tafi ba sallama. In marar kyau ya mutu, ya kan tafi da uwar allo ko kati. A saye shi sabo, na kamfani sananne, mai wat 550 ko 650, a haɗa masa da sitabilaiza.

Wanda kuɗinsa ba su kai nan ba yana da hanya biyu. Zai iya sayen Ryzen 5 5600G, wadda ta ke da ɗan katin hoto a cikinta, ya yi wasanni marasa nauyi, ya sa kati daga baya. Ko kuwa ya nemi tsohuwar kwamfutar ofis ta hannu, irin su Dell OptiPlex, wadda dama ƙarama ce. Sai dai abin rarraba wutarsu ba shi da ƙarfi, kuma sau da yawa ba a iya musanya shi da na kasuwa, don haka sai gajeren kati wanda ba ya jan fiye da wat 75 ɗin da ramin allo ya ke bayarwa, kamar RTX 3050 mai giga 6. A kuma lura da shekarunta: Microsoft ya daina kula da Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa ba ta amince da ƙwaƙwalwar Intel da ta girmi zubi na takwas ba.

Kayan hannu ba abin kunya ba ne, amma sai an buɗe ido. Tun da aka daina haƙar kuɗin Ethereum da katin hoto a watan Satumba na 2022, katuna masu yawa da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka kwararo kasuwa. Waɗansu lafiya lau su ke, waɗansu fankarsu ta gaji. Kada a biya sai an kunna kati a gaban mai saye, an sa masa wasa mai nauyi kamar rabin awa, ana duban zafinsa da ko hoto yana yamutsewa. A kuma nemi ɗan kasuwa ya rubuta a kan rasit kwana nawa ya yarda a mai do masa da kaya in sun ƙi aiki, ya sa hannu.